Auna Malami da Sakamakon Ɗalibansa: Inda Gizo Ke Saƙar

A tsarin aikin gwamnati da muka gada, abin da ke ɗaga malamin makaranta daga wani matakin albashi zuwa na gaba bai wuce abu uku ba: takardar shaidar da ya shigo da ita, shekarun da ya yi a kan matakinsa, da fam ɗin nan na ƙarshen shekara da ake kira APER, wanda shugabansa ke cikewa. Fam ɗin yana son ya san ko ma'aikaci na zuwa aiki da wuri, ko yana da ladabi, ko yana zaune lafiya da abokan aikinsa. Duk tambayoyi ne masu kyau, amma da su ɗin za a iya auna akawu a sakatariya ko ma'aji a ƙaramar hukuma. Ba a tambayar yara nawa suka shigo hannun wannan malami ba su san baƙi ba, suka bar hannunsa suna karanta jimla. Malamar da maƙogwaronta ke bushewa tun safe har azahar a aji biyu, da malamin da ya mayar da inuwar dogon yaro ofishinsa, in shekarar shigarsu aiki ɗaya ce, tare za su sami ƙarin girma.

Mu a Sakkwato ba za mu ce ba mu ga abin da wannan ya haifar ba. A 2011 da kuma 2013 an yi wa yaran ƙananan azuzuwan firamare gwajin karatun Hausa a jihohin Sakkwato da Bauchi, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka. Yaro ɗaya-ɗaya ake zaunarwa, a ba shi baƙaƙe da kalmomi da ɗan gajeren labari, a saurare shi. Mafi yawansu ba su iya karanta kalma ko ɗaya ba, a harshen da suka tashi da shi. Bayan haka ne aka shigo da shirin koyar da karatu na Mu Karanta a makarantunmu, kuma a ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi.

Don haka uban da ɗansa ya shekara huɗu yana zuwa makaranta, ya miƙa masa katin asibiti ya kasa gane sunansa a jiki, yana da gaskiya in ya tambaya me malamai ke yi. Ina tare da shi. Abin da yara suka koya dole ne ya shiga hukuncin da ake yi wa aikin malami, tun da don shi aka ɗauke shi aiki. Ta wace ƙofa za a shigo da shi, nan maganar take. Ƙasashen da suka riga mu gwadawa sun sha wuya a kai, kuma bai kamata mu sake biyan kuɗin darasin da wasu suka riga suka biya ba.

Ingila ta gwada tun 1862, lokacin da Robert Lowe ya kawo tsarin biyan makarantu gwargwadon sakamako. Yaron da ya cika kwanakin zuwa makaranta yana jawo wa makarantarsa sule 4, sannan akwai wasu sule 8 da ke rataye a kan jarrabawar da sufeto zai zo ya yi masa a karatu da rubutu da lissafi. Duk fannin da ya faɗi, a zaftare kashi ɗaya cikin uku. Da yake abincin malami na rataye a kan wannan kuɗi, sai koyarwa ta koma haddar abin da sufeto zai tambaya. Yara na zuba karatu da ka, ba su san abin da ke shafin ba. Darussan da ba a biya a kansu aka ture su gefe, har yara marasa lafiya ake kinkimowa ranar jarrabawa don kada a yi asarar kuɗinsu. Sai da aka kwashe sama da shekara 30 kafin a rabu da tsarin. Turawan mulkin mallaka sun kawo irinsa Legas a dokokin ilimi na shekarun 1880, amma ko dokar ilimi ta Gwamna Lugga ta 1916 ja da baya ta yi: jarrabawa da ci gaban ɗalibai ta ba su kashi 40 cikin 100 na makin da ake ba makaranta tallafi a kansa, sauran ta raba wa tarbiyya da tsarin makaranta, ingancin malamai, da gini.

A zamaninmu Amurka ce ta farfaɗo da maganar. A farkon 2002 Shugaba George Bush ƙarami ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa jihohi yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8. Da farko makarantu ake kamawa da sakamakon. A 2009 gwamnatin Barack Obama ta ware dala biliyan 4.35 ta ce jihohi su yi gasar samu, kuma cikin abin da ke ba jiha maki akwai ɗaura kimanta malamai a kan ci gaban ɗalibansu. Cikin 'yan shekaru jihohi da yawa suka sauya dokokinsu, wasu har suka ba sakamakon jarrabawa rabin makin malami.

Masu tsara abin sun san ba a ɗaukar makin ƙarshen shekara tsurarsa a ce shi ne aikin malami. Wanda ya noma fadamar Rima da wanda ya noma jigawa a Gudu, in aka jera buhunansu aka ce mai yawa shi ya fi ƙwazo, an zalunci ɗaya, ɗayan kuma an yaba masa a kan ruwan da ba shi ya kawo ba. Yaron da ke Gawon Nama, uwarsa ta yi karatu, ya yi ajin share fage, yana da mai duba masa aikin gida, tun ranar farko ya yi wa ɗan ƙauyen Tangaza nisa, wanda a ranar ya fara riƙe fensir. Makin da za su samu a watan Yuli yana ɗauke da duk wannan, kuma malami bai da hannu a mafi yawansa.

Maganin da suka samo shi ne awon ƙari. Wanda ya fi shahara da shi, William Sanders na Jami'ar Tenesi, masanin ƙididdigar aikin gona ne tun asali, kuma jihar Tenesi ta fara aiki da tsarinsa a farkon shekarun 1990. Ana duba makin da yaro ya samu a shekarun baya, a kwatanta shi da dubban yara masu irin tarihinsa, a yi hasashen makin da ya kamata ya samu bana. In ya haura hasashen an sami ƙari, in ya gaza an sami ragi. Sai a tara na dukan yaran ajin a fitar da matsakaici, a ce wannan ne hannun malami. Ta haka wanda ya karɓi yara a ƙasa ya ɗaga su zai iya fin wanda ya karɓi haziƙai ya bar su inda ya same su. Tunanin yana da adalci a cikinsa, kuma ba a rasa gaskiya a bayansa ba. Masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa biyu sun bi sawun yara miliyan 2.5 har suka girma, a binciken da aka buga a 2014, suka ga waɗanda suka ratsa ta hannun malamai masu ƙari mai yawa sun fi shiga jami'a, sun kuma fi samun kuɗi a wurin aiki. Bambanci tsakanin malami da malami abu ne na zahiri, yana bin yaro har girmansa. Duk wanda ya yi makaranta ya san wannan ko ba bincike.

Sai dai abin da ya tabbata in aka haɗa dubban malamai, ba lallai ya tabbata a kan malami guda a shekara guda ba. A can Amurka aji ɗaya yara 25 ne ko 30. Uku su yi jinya, biyu iyayensu su rabu, ɗaya ya zo da fitina ya hana aji zama, matsakaicin ya karkace. An sha ganin malami ya fito a sahun gaba bana, baɗi ya faɗo sahun baya, alhali shi ne dai, koyarwarsa ba ta sauya ba. Kuma ba da ƙuri'a ake raba yara ba: shugaban makaranta kan tura masu wuyar sha'ani wurin malamin da ya fi haƙuri, sai lissafi ya hukunta shi a kan haƙurinsa. A 2014 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa tana jan kunne, ta ce yawancin bincike ya nuna kashi 1 zuwa 14 cikin 100 ne kawai na bambancin makin ɗalibai ake iya jinginawa ga malamai. A birnin Hustan malamai sun kai ƙara saboda ana yanke musu hukunci da lissafin da kamfanin da ya yi shi ya ce sirrin kasuwancinsa ne. A 2017 alƙalin kotun tarayya ya ga ƙarar tana da tushe, hukumar makarantun ta sasanta, ta yarda ba za ta kori malami da makin da ba zai iya tantancewa ba.

Ga kuma abin da matsin lamba ke jawowa. A Atlanta an ɗora wa makarantu adadin da dole su kai, da lada ga wanda ya kai da barazana ga wanda ya gaza. Rahoton binciken da ya fito a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a maguɗi, har da goge amsoshin yara ana gyarawa. A 2015 kotu ta sami 11 da laifi. A ƙarshen wannan shekarar Amurka ta yi sabuwar dokar ilimi da ta cire hannun gwamnatin tarayya daga tilasta wa jihohi yadda za su kimanta malamai. Gidauniyar Gates ma, wadda ta tsaya wa wani babban shiri na sabunta kimanta malamai da ya ci sama da dala miliyan 500, binciken da aka yi wa shirin a 2018 bai ga wani ci gaban kirki a sakamakon ɗalibai ba.

Kusa da mu akwai gwaji biyu da suka fi kama da halinmu. A yammacin Kenya, a ƙarshen shekarun 1990, an ba malamai kyaututtuka gwargwadon makin makarantarsu. Maki ya tashi a jarrabawar da ake ba da kyauta a kanta, amma zuwan malamai aiki bai ƙaru ba, abin da ya ƙaru shi ne darasin shirin jarrabawa, kuma da aka daina kyautar ƙarin ya ɓace. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya kuwa, daga 2005, an ba malamai ɗan ƙaramin kari a kan yadda yaransu suka matsa daga inda suka faro, kuma wasu na waje ne ke yin gwajin. Can koyo ya ƙaru a lissafi da harshe, har ya taɓa darussan da ba a biya a kansu. Ina ganin bambancin bai rasa nasaba da abu biyu: me aka auna, kuma wa ya riƙe ma'aunin.

To mu dawo gida. Awon ƙari irin na Tenesi yana buƙatar jarrabawa iri ɗaya kowace shekara ga kowane yaro, da lambar da ke bin yaro daga aji zuwa aji, da tabbacin cewa wane malami ne ya koyar da wane yaro. Yaronmu na firamare jarrabawar ƙarshen zango yake yi, wadda a mafi yawan lokuta malaminsa ne ya tsara, shi ya sa ido, shi ya duba. Rajista kan nuna suna 90, ka shiga aji ka tarar da 50, kuma 50 ɗin Litinin ba lallai su ne na Alhamis ba. Da damina ta faɗi gona ta ɗauki nata rabon, da kaka ma haka, a yankunan albasa irin su Wurno da Goronyo da Gada aikin rani ya ɗauki nasa, ranar kasuwa kuma talla ta kwashe 'yan mata. A gabashin jihar, Isa da Sabon Birni da Rabah, akwai garuruwan da rashin tsaro ya tarwatsa, yara suka bi iyayensu gudun hijira. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A ƙauyuka da yawa malami ɗaya ke zagaya aji biyu ko uku. Wanda ya ce zai fitar da makin malami daga wannan da lissafin kwamfuta, lamba zai samu, amma ba ta da alaƙa da aikin da aka yi.

Haɗarin da ya fi kusa da mu ma ba wannan ba ne. Shi ne wani ya ɗauko sakamakon WAEC ko NECO ya jera makarantu, ya ce malaman na ƙasa su yi bayani ko a hukunta su. Wannan yana da daɗin faɗa a gaban 'yan jarida, kuma shi ya fi kowane ɓarna. Makin ɗan aji shida na sakandare aikin shekara 12 ne, ya ratsa ta hannun malamai da dama, ba a ɗora wa na ƙarshe. Sannan mu ƙasar da ke fama da satar amsa ce, har doka ta musamman aka yi a kanta a 1999, kuma kowa ya san cibiyoyin da ake biya don a ci. Ranar da aka ce ƙarin girman malami na rataye a kan wannan sakamako, an ba mai gaskiya dalilin shiga abin da yake ƙyama. Shugabar makaranta za ta fara tace waɗanda za ta yi wa rajista, mai rauni a ce ya jira baɗi. Malami nagari da aka tura Kebbe ko Silame zai ninka ƙoƙarinsa na neman a dawo da shi cikin gari, inda yara suka zo da rabin karatunsu daga gida. Yaran da aka ce don su ake gyaran su ne za su fara rasa malami.

Hanyar da nake ganin ta dace da mu ita ce ta kafa manufa. Amurkawa sun kai gare ta ne saboda mafi yawan malamansu suna koyar da aji ko darasin da babu jarrabawar jiha a kansa. Birnin Denba ya fara gwada ta a 1999, tare da ƙungiyar malamai: kowane malami ya duba inda yaransa suke a farkon shekara, ya rubuta manufa biyu, shugaban makaranta ya amince, a ƙarshen shekara a duba. Binciken da aka yi wa gwajin ya nuna ɗaliban malaman da suka rubuta manufa mai inganci sun fi ci gaba, kuma a 2005 mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da haraji don ɗorewar tsarin. Masana halayyar ma'aikata, Edwin Locke da Gary Latham, sun daɗe da nuna cewa manufa takamaimai mai ɗan wuya ta fi "ka yi iya ƙoƙarinka" fitar da aiki.

Wannan ba baƙon abu ba ne a garin Shehu. A makarantar allo ba a jera yara a ba su darasi guda. Kowa da inda ya tsaya, malam ya san wanda ke babbaƙu, ya san wanda ke farfaru, ya san wanda ya kai izu goma. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya zo ya biya a gaban malam an ji ya riƙe, sannan a yi masa ƙari. Unguwa kuma tana sanin malami ne ta hanyar almajiransa da saukar da suke yi a bainar jama'a. Awon farko, manufa ga kowane yaro, gwaji da baki, shaidar mutane: duk muna da su tun kafin boko ya iso. A boko ne muka koma ƙidaya shafukan manhaja da aka gama, ko yaro ya gane ko bai gane ba.

A ɗauki misali. Malamar aji biyu tana da yara 60 masu zuwa. A mako na biyu na zangon farko ta zaunar da su ɗaya-ɗaya, minti biyar kowa, ta raba su hawa-hawa: wanda bai san baƙi ba, mai gane baƙi, mai karanta kalma, mai karanta gajeren sakin layi, mai karanta labari. Irin wannan gwajin ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa shi, ba ya buƙatar komai sai takarda guda. A ce ta sami 35 a hawan farko, 15 na gane baƙi, 10 na karanta kalma. Hedimasta ya zauna da ita. "Malama, ina kike ganin za ki kai su kafin hutun ƙarshen shekara?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, in littattafai sun zo, kuma ba a ɗauke ni an kai wani aji ba, zan fitar da 25 daga cikin 35 ɗin nan, waɗancan 15 kuma su kai kalma." Ya ce ta ƙara waɗanda ke kalma, kada a manta da su. Su rubuta, su sa hannu. A tsakiyar shekara a sake dubawa, in abu ya cije a nemi dalili tun da sauran lokaci. Amfanin farko ya samu tun kafin a kai ga kimantawa: malamar ta san yaranta da suna da matsayi, ta daina koyar da benci biyun gaba kawai.

Ba na ɓoye cewa wannan ma yana da ramuka, kuma a Amurka an faɗa cikinsu. Wanda ya san za a kama shi da manufarsa zai rubuta wadda ko yana barci zai cim ma. Wani zai danne makin farkon shekara da gangan don ƙarin ya yi yawa a ƙarshe. Wani zai zuba ƙarfinsa a kan yaran da ke bakin tsallakewa, ya bar na can ƙasa. A jihohin Amurka da dama an wayi gari kusan kowane malami ya "cim ma manufarsa", takardar ta zama ba ta bambanta kowa da kowa. Mu kuma muna da namu ƙarin: kunya da zumunci. Hedimasta da malaminsa gari ɗaya suke, sahu ɗaya suke sallah, wataƙila surukai ne. Da wuya ya dube shi ya ce, "Malam, wannan manufa ta yi ƙasa." Abin da ya kashe APER ke nan, kowa "mai ƙwazo ƙwarai".

Saboda haka gwajin farko da na ƙarshe kada su tsaya a hannun malamin ajin shi kaɗai. Shi ya yi nasa don aikinsa, amma wani na waje ya zo ya tsamo yara 10 ko 15 da ƙuri'a daga rajista, ya gwada su da takardar da makarantar ba ta taɓa gani ba. Jami'an da ke zagaya makarantu daga ofishin sakataren ilimi za su iya, ko makarantu maƙwabta su yi musayar malamai na yini guda. A yi shi a gaban wakilan kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC), da uwa ko biyu a ciki. Gwajin baki yana da wata fa'ida da ta takarda ba ta da ita: uban da bai yi boko ba yana ji da kunnensa ko yaro na karatu ko yana in-ina, kuma ba a satar amsarsa. Hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, kuma ta sa ƙa'idar mafi ƙarancin abin da za a karɓa a matsayin manufa, sannan a ƙidaya motsin kowane yaro daga kowane hawa, tare da lura da yawan kwanakin da ya zo. Yaron da ya zo kwana 20 a zango ba a ɗora wa malami shi, amma a tambayi makaranta da mai unguwa me suka yi don ya dawo.

A kiyayi takardu. Kenya ta fara sabon tsarin kimanta malamai a 2016, kuma babban kukan malamai a can shi ne lokacin da cike fam a intanet ke ci musu. Malamin da ke ƙauyen da sai ya hau tudu yake samun sabis, shafi ɗaya ya ishe shi: inda aka faro, inda aka nufa, inda aka kai.

Nawa ne nauyin wannan a makin malami? Ni a ganina kada ya kai rabi, kuma kada ya taɓa zama shi kaɗai. A haɗa shi da shiga aji a ga koyarwar da ido fiye da sau ɗaya a shekara, da zuwan malami aiki. A shekara biyu na farko kada a hukunta kowa da shi, don mutane su faɗi gaskiyar inda yaransu suke. Wanda ya gaza, a fara da tura masa gogaggen malami ya zauna a ajinsa, a ba shi horo a kan abin da ya gagare shi. Wanda ya yi fice shekara biyu ko uku a jere, musamman a ƙauye, a gaggauta masa ƙarin girma, a kira sunansa a gaban jama'a. Wanda aka taimaka shekara uku bai motsa ba, a nema masa wani aikin da ba aji ba. Shi kuwa wanda ba ya zuwa, ba a buƙatar gwada yara kafin a san matsayinsa, rajistar sa hannu da dokar aiki sun isa. A nan ya kamata a rarrabe wannan da abin da aka yi a Kaduna a 2017, inda aka yi wa malaman firamare jarrabawar aji huɗu, gwamnati ta ce 21,780 sun faɗi ta sallame su. Waccan tana tambayar ko malami ya san abin da zai koyar. Tambaya ce da ke da muhalli, amma cin ta bai nuna mutum ya iya sa yaro ɗan shekara bakwai ya haɗa baƙi da wasali ba.

Sharaɗin da malamar can ta gindaya, "in littattafai sun zo", shi ne rabin maganar da aka fi mantawa. Takardar manufa ta kasance da gefe biyu. A ɗaya malami ya rubuta inda zai kai yara. A ɗayan hukuma ta rubuta nata alkawarin: littafi nawa za su iso kuma yaushe, alli, rufin ajin da iska ta yaye, albashi a kan lokaci, ƙarin girman da aka bayar a takarda ya bayyana a asusun banki, ba za a sauya wa malami wurin aiki a tsakiyar shekara ba. In hukuma ta saɓa nata, ba ta da bakin kama malami da nasa, kuma sakataren ilimi da jami'an da ke sama da shi su ma a auna su da ci gaban makarantun da ke hannunsu. Ƙungiyar malamai ta NUT ta zauna a teburin tun ranar farko. Abin da ya sa tsarin Denba ya kwashe shekaru yana aiki shi ne da malamai aka gina shi. Ita ma ƙungiyar akwai nauyi a kanta: kare haƙƙin malami daban, kare wanda ke cin albashi yara na zaune ba karatu daban.

Ba sai an fara da ƙananan hukumomi 23 a lokaci guda ba. A ɗauki uku ko huɗu masu hali daban-daban, ɗaya a cikin birni, ɗaya a yankin fadama, ɗaya a kan iyaka, a tsaya a kan karatun Hausa da lissafi daga aji ɗaya zuwa uku, inda gwajin ya fi sauƙi kuma asarar ta fi muni. Masu gwajin ma muna da su. Kowace shekara ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da na sashen ilimi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna fita koyon aikin koyarwa. Horon 'yan kwanaki ya isa su iya wannan gwaji, ba su da dangi a makarantar da za a tura su, kuma wanda ya zauna da yara 15 'yan aji uku ya ji yadda suke karatu kafin ya karɓi takardar shaidar malanta, zai shiga ajinsa na farko ya san aikin da ke jiransa.